Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ba Ta Tambaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa rasuwar tsohuwar kwamfutata, wadda muke kira Gwaggo. Ta cika a kan teburinta, gefen ɗakin ƙyanƙyasar kaji na Yayata, bayan doguwar jinyar zafin jiki. Fankarta ta yi "gurrr, ƙas" kamar kullum, sai dai wannan karon ba ta ɗora ba.

Marigayiya mai kawaici ce. A kanta na koya wa kaina rubuta manhaja, a kanta na haɗa wadda ke kula da zafi da danshin ƙwan Yaya. Umarni ɗaya na rubuta da zai hau kowane irin ma'aunin zafi ko danshi, tun ba a san wanda za a jona ba. Ashe a ƙa'idar rubuta manhaja, in ka kira aiki mai kama da mazubi, wato mai karɓar duk irin da aka zuba masa, a jikin abin da ba a san irinsa ba tukuna, sai ka fara shelar cewa mazubi ne. Gwaggo ba ta taɓa neman shela ba. Takan gane nufina ta wuce, kamar uwa da ɗanta mai in'ina.

Ta rasu ta bar ni, da Yaya, da inji cike da ƙwai, da sabon ma'aunin danshi da ba zai yi aiki ba sai an sake harhaɗa manhajar, wato kwamfuta ta juya rubutuna zuwa abin da inji ke ganewa. Ta kuma bar magajiya, wata kwamfutar aro, ba sani ba sabo. Na miƙa mata rubutun, ta mayar mini da jan layin kurakurai har ƙasan allo. In na gyara ɗaya, uku su fito. Yaya kuwa da kofi take yayyafa wa ƙwan ruwa bisa kintace, tana kallona.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne: wanda ya rufa maka asiri har ka kasa tsayuwa babu shi, masoyi ne kuwa? In Gwaggo ta canki nufina daidai a nan, a ina ta canka ba daidai ba, ta yi shiru?

Ba za a yi jana'iza ba sai ranar ƙyanƙyasa. Gawa na ƙarƙashin tebur, lulluɓe da tsohon labule. Masu ta'aziyya su shigo a hankali, kada a buɗe injin, kada a ce wa Yaya "ya aiki". In 'yan tsaki sun yi kuka, za a binne Gwaggo bayan ɗaki da girmamawa. In shiru muka ji, a faɗaɗa ramin ya ishe mu, ni da ita.