Garantin da Na Ɗinke a Fata

Zuwa ga Mai Girma Babban Direktan Kamfanin Walƙiya Oto, masu kawo mana motocin da Turawa suka gama yayinsu, Damagaram.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata, har da mai gadin ƙofarka wanda yanzu ya fi jikokina sanin fuskata. Ni ne Malam Illa Mas'udu na Bande, tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, wanda ya sayi jar motar nan mai kujera biyu, mai rarrafe da ciki kamar ƙadangare, wata goma sha ɗaya ke nan. Sau huɗu ina zuwa biro ɗinka, wato ofishinka, ana ce mini kana taro. Shi ya sa na ce bari in rubuto a fili, wataƙila taron ya ji.

Zan fara da nawa laifin, don furfura ba ta dace da ɓoye-ɓoye ba. Tun ina ƙaramin mushe na ga hoton irin motar nan jikin kalanda a biro ɗin direktanmu, ta shiga raina ta yi zaune. Shekara talatin da huɗu ina shaƙar alli ba ta fita ba. Da na ajiye aiki kuɗin sallama suka kasa, sai na cika da shanun huɗata guda biyu, Fari da Ɗan Baƙi. Maƙwabcina Dogo ya saya, bisa sharaɗin in na mayar masa da kuɗinsa kafin ruwan shuka su dawo turkena, in ba haka ba ya kora su kasuwar Mallawa. Mai ɗakina Yalwa tambaya ɗaya ta yi: “Malam, ita motar tana huɗa?” Na ce mata mata ba su san mota ba.

Yanzu ga kukana, in ka yarda.

Na ɗaya. Ranar ciniki wakilinka Abdoul Razak, yaro mai ladabi da ƙamshin turare, ya miƙo mini takardar garanti da hannu biyu, ya ce ita ce ran motar, in tsare ta kamar ƙwayar idona. Tsarewa ya ce, ranka ya daɗe. Bai ce karantawa ba. Mu kuwa a nan, takardar da aka ce tana tsare mutum daga masifa mun san yadda ake yi da ita tun kakanni. Na kai ta wurin Kyauta baduku a kasuwar Magarya, ya ninke ta gida takwas, ya ɗinke cikin jar fata daidai launin motar, na rataye ta a madubi. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina murɗe kunnen 'ya'yan mutane don su karanta har ƙasan shafi! Shin kamfani irin naka, mai sayar da mota a ƙasar Damagaram, bai taɓa jin labarin laya ba?

Na biyu. Wa aka auna aka ƙera motar nan? Shigarta sai na durƙusa kamar mai gaida surukai, fita kuwa sai an kira maza biyu su ciro ni kamar guga. Yalwa sau ɗaya ta hau, daga gida zuwa gidan biki, ta ce ita ba mota ta shiga ba, a tabarma aka ja ta. Ga kujera biyu tak. Ka san garinmu, mai mota ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Ni da aka sani da kyauta, yau a majalisa an ce Mushe Illa ya je har birni ya zaɓo motar da rowa ta ƙera.

Na uku, nan ne gizo yake saƙa. Watan jiya aka yi sunan jikana a Dungas. Na sa babbar riga, na ce yau dangin surukai za su san ɗiyar wa suka aura. Muddin ina kan kwalta, wallahi ba ni da abin cewa, iska ma sai ta bi bayana. Ina sauka kan rairayi ta kwanta da ciki, ta yi ƙara irin ta raƙumin da aka yi wa lodi fiye da kima, baƙin mai ya malalo ta ƙasa, shi ke nan. Na zauna gindin gawo tun hantsi har la'asar, 'yan kabu-kabu suna wucewa suna yi mini sannu, masu amalanke suna tambaya ko akwai saƙo zuwa Dungas. Ka san wa ya zo ja? Dogo, da Fari da Ɗan Baƙi. Abdoul Razak ya rantse mini ƙarfin doki ɗari huɗu ne a cikinta, ga shi shanu biyu sun ja ta ko nishi babu. Da ake ɗaura igiya Fari ya waiwayo ya dube ni. Ranka ya daɗe, an sha yi mini kallon raini a duniya, har sufetan lakwal ya yi mini, amma ban taɓa sunkuyar da kai ba sai ranar. Muka shiga Bande mata suna guɗa. Naman suna ko ƙashi ban gani ba.

Na huɗu. Na kira Ubaidullahi makanike daga Magarya, tsohon ɗalibina. Ya buɗe gaba bai ga inji ba, sai da muka zagaya muka same shi a baya yana ɓuya. Ya leƙa ƙasa, ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai. Ya ce, “Mushe, akwatin giya ya fashe. Sabo jika ɗari tara ne na sefa, in an samu, kuma sai an yi odarsa daga ƙetaren teku.” Na yi murmushin wanda ya shirya wa wannan rana. Na ciro layar, na sa aka kira Kyauta ya warware ɗinkin gaban shaidu, na miƙa wa Ubaidullahi don tabarauna yana cikin gida. Ya karanta da ƙarfi, a tsanake, yana tsayawa a kowane ɗigo, kamar yadda na koya masa da bulala. Takardar ta ce a yanke ƙasanta, a sa hannu, a mayar wa kamfani cikin kwana talatin, in ba haka ba garanti bai ma soma ba. Ta ce kada a hau hanyar rairayi. Ta ce kada a zuba man kwalba na bakin hanya. To, ranka ya daɗe, tsakanin Bande da Dungas, a sama kake so in bi? Man kuma, wanne muke sha in ba na kwalba ba? Kyauta dai sai ya tambaya ko a mayar a ɗinke.

Ga ƙasan takardar nan na haɗo da wasiƙar, na sa hannu. Don Allah ka duba ta da kyau. Ba tabon mai, ba ɗigon ruwa, ɓera bai lasa ba, hujin basilla goma sha huɗu ne kawai a gefe. Tun da ka buɗe kamfani, akwai wanda ya taɓa tsare maka takarda haka? Ta makara da wata goma, na sani. Amma ai ba yawo ta tafi ba, tana cikin motar tana gadi.

Ba gyara nake roƙo ba, na warke daga wannan ciwon. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, Dogo kuma ya fara ba shanun dusa da harawa, ka san abin da wannan yake nufi. In ruwa ya sauka suna Mallawa, ni da shekara sittin da bakwai zan kama hauya, ni da gwiwoyin da ba sa iya fita daga mota. Ka aiko a ɗauki abarka, ka ba ni abin da zai kwance shanu biyu daga turken Dogo, sauran na yafe duniya da lahira. Sai dai a ɗan jinkirta kwana tara, don kazar Yalwa tana kwanci kan kujerar direba, ƙwai goma sha ɗaya. Tun da motar ta zo gidan nan, wannan ne amfaninta na farko, kuma ba zan so a katse shi ba.

In za ka amsa, ka rubuta sunan Yalwa a bayan ambulan. Ta yanke hukunci cewa daga yau duk takardar da ta shigo gidan nan ita za ta karɓa, ta kai wa Ubaidullahi ya karanta mata har ƙasan shafi, kafin ta faɗa hannun mushe.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kamfani albarka, ya kawo ƙarshen taron nan lafiya.

Naka mai biyayya, mai durƙuso ko ba a cikin mota ba,

Malam Illa Mas'udu,
tsohon mushen lakwal,
gida mai jar mota a ƙofa, Bande.