Yadda Za Ka Raba Motarka Da Ƙarancin Wuta Ba Tare Da Ka Auna Komai Ba

Kai mai mota, matso kusa. Idan motarka ta fara yi maka ƙat-ƙat-ƙat da safe maimakon ta tashi, fitilunta sun dushe kamar idon mai zazzaɓi, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari: ka bi matakan nan sau da ƙafa, motarka ba za ta sake damunka da ƙarancin wuta ba har abada. Ba ƙirƙirarsu na yi ba. Wurin Kawuna na koye su, ina bayan motarsa, hannuwana biyu a kan but.

Mataki na 1: Toshe bakin ɗan tsegumi

A gaban sitiyari akwai wata 'yar jar fitila mai hoton batir. Ba ta da aiki sai tona asiri. Da ta kunno kai, ka liƙe ta. Kawu da takardar jikin kwalbar maganin tari ya rufe tasa, shi ya sa duk wanda ya zauna gaba sai ya karanta: "Cokali biyu bayan cin abinci." Abin da ido bai gani ba, ai bai lalace ba. Da wannan hikimar muke tafiyar da gidaje da ofisoshi, me zai hana mota?

Mataki na 2: Kullum laifin batir ne

'Yan boko irina za su ce maka batir randa ce kawai, altaneta ce ke ɗura mata wuta idan inji na juyawa, kuma bel ne ke juya altanetar. Za su ce idan mai ɗurawar ta daina aiki, ko randar zinariya ka kawo sai ta ƙafe. Kada ka saurare su. Canja batir. Ya mutu? Sake canjawa. Matattun ka jera su a bakin ƙofa, suna daɗin zama idan an yi baƙi. In ka gaji da saye, akwai na maƙwabci. Namu maƙwabcin yanzu da ya ji Kawu ya yi sallama sai ya ce wa yaransa, "Ku ce na fita, har da batirin."

Mataki na 3: Ka tsani mita

Mita, wato 'yar na'urar auna wutar batir, abokiyar gaba ce, domin ba ta san girman furfura ba. Na taɓa aro ta, na ce, "Kawu, bari mu auna. In mota na kashe a ga sha biyu da ɗoriya, in tana kunne a ga wajen sha huɗu. In lambar ba ta hau ba, ba ta caji ke nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, da wannan 'yar rediyon za ka gaya mini ciwon motata? Tun kana rarrafe nake tuƙi."

"To ƙarar nan fa da take yi in ta tashi, cii-cii-cii? Bel ne ya saki."

"Gaisuwa ce. Ba kamar wasu ba, ita tana da tarbiyya."

Haka za ka amsa. Sannan ka ɗauki dutse ka ƙwanƙwasa kan batir, ka girgiza kai kamar likitan da ya gano abin da ba zai faɗa ba.

Mataki na 4: Zaɓi 'yan'uwa bisa ga gangare

Kada ka ajiye mota sai inda za ta gangara ta tashi da kanta. Wanda gidansa ke kan tudu, ɗan'uwa ne na jini. Wanda ya yi gini a shimfiɗaɗɗen wuri, shi ya yanke zumunci. Yayar Kawu tana can tana fushi ya daina zuwa, ba ta san laifin filinta ne ba.

Mataki na 5: Horar da iyali

Inda babu gangare, akwai iyali. Matar Kawu ta tura har bayanta ya riƙe, ta yi ritaya. Saura ni da 'yarsa Auta, wadda ta gama karatun gwajin jini, amma a unguwa an fi saninta da ƙarfin kafaɗa. Kai naka shi ne ka zauna ciki, ka leƙo da kai ta taga kana cewa, "Ku ƙara! Saura kaɗan! Yau ba ku ci abinci ba ne?"

Mataki na 6: Ka kafa hujja a ranar da ba ta dace ba

Wannan shi ne matakin ƙwararru, sai ka natsu. Aka kira Auta ganawar ɗaukar aiki a wani ɗakin gwaji, aikin da ta daɗe tana nema, aka ce wanda ya makara ya koma gida. Ta goge fararen kayanta, ta ce, "Baba, don Allah bari in hau ta haya."

"'Yata ta hau ta haya ina da mota? Me mutane za su ce?"

Ni kaɗai na tura, ta tashi, na yi tsalle na faɗa ciki. Muna tsakiyar hanya bel ya fara gaisuwarsa, rediyo ya ɗauke. Bakina ya ƙi haƙuri, na ce, "Kawu, wallahi ba ta caji."

Nan ne za ka yi abin da ya yi. Ya taka birki a wuri shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ya buɗe bonet inji na aiki, ya zaro sifana. "Yau zan rufe maka baki. Zan cire wayar batir. In altaneta ce ta lalace, mota za ta mutu."

Auta ta ce, "Baba, in ta mutu fa?"

"Ba za ta mutu ba."

Ya cire. Ta mutu.

Kada ka karaya a nan. Kawu ya ce, "Ka gani ko? Maganarka ce ta ɓata mata rai." Garin mayar da wayar cikin fushi ya haɗa kawunan batir biyu da sifana. Tartsatsi ya tashi, ƙauri ya biyo baya. Sai ya juyo yana murmushi. "Auta, ɗan taɓa mana, ke ce mai albarkar hannu."

Ta dubi fararen kayanta, ta dubi but ɗin da ya sha datti, ta dubi agogo. Ta cire takalma, ta rungume takardunta. "Baba, yau kam kaina zan tura." Ta zura da gudu.

Mataki na 7: Girbi sakamako

Ta isa tana haki ana kiran sunanta, kuma an ɗauke ta. Shekarun turi ba su tafi a banza ba, ƙafafun nan sun biya ta. Yanzu motar ma'aikata ke ɗaukarta a bakin titi, ta wuce tana ɗaga wa Kawu hannu. Ni ma na ajiye aikin turi. Motar kuwa da igiya aka jawo ta, tana nan a gindin gangaren gidanmu, kaza na ƙwai a kujerar direba. Mai gyaran wuta ya ce da can bel kawai za a ɗaure, yanzu kuwa sai an zauna. Kawu ya ce batir ne.

Ka ga na cika alkawari. Motar da babu wuta a cikinta ko ɗigo, ina za ta samo ƙarancin wuta?

Wanke hannu

Marubucin nan ba shi da alhakin ciwon bayan matarka, ko fushin yayarka, ko ƙaurin da ka ji, ko maƙwabcin da ya daina amsa sallama. Duk abin da ya same ka, kai da motarka. Idan kuma ka ga sawun tafin hannu biyu a bayan wata mota da kaza a ciki, nawa ne, kada ka goge. Su ne na ƙarshe.