Yadda Na Mayar Da Mazaɓarmu Mulkin Soja

Ba zan taɓa mantawa ba da aikina na farko, a ofishin wani kansila a Tarauni, lokacin da soja suka koma bariki kowa yana ɗokin farar hula. An ɗauke ni ne don na ce na iya kwamfuta. (Iyawar dai ta ɗan kwas ɗin da na yi a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi ce, mu huɗu a kan inji ɗaya.)

Kansila ya sa in buga takardun gayyata ga masu unguwanni, zai yi zamansa na farko da su. Na tsara takarda tsaf, na danna, firinta ta yi gum. Sai rubutu ya fito wai wa'adin tawada ya ƙare. Na ciro robar tawadar na girgiza, a cike take. To me ya ƙare? Na shinshina ta kamar madara, na hura mata iska, na goge da bakin riga, har rana na shanya ta. Da na mayar, maganar dai ita ce.

Na hau acaɓa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi wurin Malam Bulus, wanda ya koya mana. Ya bayyana min cewa akwai kwanan wata a jikin robar, idan ya wuce injin ba ya yarda ko da ba a taɓa ɗigo ba, kuma daga kwamfuta yake sanin ranar da ake ciki. Ya ce in mayar da kwanan watan baya kaɗan. Ban gane yadda inji yake sanin yau ba, amma na gyaɗa kai.

Kalmar “kaɗan” ce ta faɗi a hanya. Na yi ta ja da baya, shekara bayan shekara, don in tabbatar. Firinta kuwa ta kama aiki kamar an yi mata albishir. Na ninke takardu aka raba, ban lura kwamfuta da kanta take saka kwanan wata a sama ba.

Ranar taro ina gefe da biro, ina jin kaina. Sai wani dattijon mai unguwa ya miƙe, ya gyara tabarau.

“Ranka ya daɗe, wannan takarda tun zamanin soja aka rubuta ta. A hanya ta daɗe, ko tun lokacin ka san za ka ci zaɓe?”

Kowa ya zaro tasa yana dubawa. Kansila ya juyo ya tambaye ni me ke nan. Da na yi shiru da ya fi, amma sai na tashi na ce, “Yallaɓai, ƙarya na yi wa firinta don ta yarda.”

Sai ɗaki ya ɗauka da dariya. Dattijon ya ce Allah ya kyauta, a gwamnatin nan har inji sai an yi masa romon baka. Kansila bai yi dariya ba. Ni ma ban san ko in zauna ko in fita ba, sai na tsaya riƙe da biro har aka yi addu'ar tashi.

Ba a kore ni ba, amma har na bar ofishin nan “Janar” ake kirana.

Tun daga ranar, ko takardar sunan jariri na buga sai na karanta daga sama har ƙasa. Kuma na koyi cewa idan mutum ya ji kunya a bainar jama'a, ya bari a tambaye shi sau biyu kafin ya yi bayani.