Fuskata a Cikin Furar Surukai

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je biko Maruta. Ko ni na so mantawa, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma duk tasha an san ni da zafin zuciya. Abu kaɗan sai kunnuwana su ɗau zafi, in faɗi maganar da zan kwana ina da-na-sani. Matata Saude ta daɗe tana haƙuri. Ranar da na yi jifa da fulas ɗin shayi ya tarwatse a bango, don kawai ta tambayi dalilin daɗewata, 'yarmu Amira ta ruga ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Washegari Saude ta kama hannun yarinyar suka tafi gidansu a Maruta.

Shirun gidan ne ya kai ni asibiti, wurin wata ma'aikaciya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa (sai da na yi ta waige kafin in shiga, kada wani ɗan tasha ya gan ni ya ce na zare). Na zaci ƙwaya za ta ba ni. Sai ta ce fushi ba laifi ba ne, abin da baki da hannu suke yi bayan ya taso shi ne matsalar, kuma ana koyon riƙe su kamar yadda na koyi tuƙi. Duk mako nakan je. Ta koya mini in gane inda abin yake farawa a jikina, in tsaya cak, in ja numfashi in sauke shi a hankali. In ya fi ƙarfin haka, in tsoma fuskata a ruwan sanyi in ɗan riƙe numfashi, bugun zuciya zai sauka. Na yi ta gwadawa a gida da roba har na ƙware.

Da na ga na ɗan samu kaina, sai na shirya biko. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, gaban surukina Malam Garba da ƙaninsa Kawu Sule. Aka ajiye ƙwarya rufe da faifai kusa da ni. (Kowa ya san mutum ba ya ci ba ya sha gaban surukansa. Don mutunci ake kawowa, kai naka sunkuyar da kai.) Ni dai a raina na ce ruwan randa ne.

Malam Garba bai cika magana ba, Kawu Sule ne ya karɓe.

"Kai ne mai fasa fulas? To mu ba mu ba ka 'ya don ka mayar da ita kwandasta ba. Tun farko na ce ɗan tasha ba shi da ta-ido."

Kunnuwana suka ɗau zafi. Na tsaya cak, na ja numfashi, abin ya ɗan lafa. Sai ya ƙara da cewa, "Ko dai gado ka yi? Haka ake yi a gidanku?"

Mahaifina ya rasu, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na ji amsa ta taso har maƙogwarona, na kuma san in ta fito, ni da Saude har abada. Na tsorata da kaina ƙwarai. Sai na runtse ido, na ture faifai, na tsoma fuskata cikin ƙwaryar.

Fura ce. An dama ta da nono, mai kauri, ga citta. Nan take na gane, amma an ce in riƙe numfashi, kuma gaskiya ban san da wace fuska zan ɗago ba. Sai na ɗan ƙara zama a ciki.

Da na ɗago, gemuna yana ɗiga, ga gayan fura maƙale a girata, hulata kuma ta faɗa ciki.

"Innalillahi!" in ji Kawu Sule. "Yaya, ashe har da aljanu gare shi?"

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wata dariya da na sani, wadda na daɗe ban ji ba. Saude ce.

Na goge fuska da hannun riga, na faɗa musu komai: asibitin, da koyon, da maganar da na haɗiye. Malam Garba ya dube ni ya ce, "Mutumin da aka ba ni labarinsa, da ƙwaryar zai shura." Ya ce sauran magana tana wurin Saude.

Ba ta biyo ni ranar ba. Sai da ta tabbatar ban daina zuwa asibitin ba sannan ta dawo. Malamar tawa ta asibiti kuwa, da na ba ta labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce na tsallake darasi guda: ka duba abin da ke gabanka, kuma babu wanda ya hana ka neman izini ka fita.

Fushin bai bar ni ba, riƙe shi kawai na koya, tare da buɗe faifai kafin in rufe ido. Yanzu in muryata ta fara tashi, Amira ba ta neman ƙarƙashin gado. Zuwa take ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, ruwa za a kawo ko fura?"