Macijin Takarda a Ƙofar Ɗakina

Ko zan manta komai na zamana a Birmingham, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fita yaƙi da macijin takarda ba.

Lokacin saura wata guda in miƙa kundin digirina na biyu, ga shi an sayar da gidan da nake haya. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu wani ɗaki a can ƙuryar bene a unguwar Aston, gidan wasu mutanen Nepal. Matar gidan, Anti Kamala, ba ta yi mini rufa-rufa ba. Ta ce, "Ba mu taɓa ajiye baƙo ba. Ki zauna sati biyu. In Ama ta yarda da ke, kin zama 'yar gida, in ba ta yarda ba sai haƙuri." Ama surukarta ce, tsohuwa 'yar firit mai ciwon gwiwa, ba ta jin Turanci, sai dai ta zuba miki ido har ki fara tuno laifuffukanki. Kwana goma sha biyu na yi ina lallaɓawa kamar baƙuwar kaza, ko tari sai na shiga bargo.

A rana ta sha uku na buɗe ƙofa da sassafe. Ga ɗan kwanon madara a dokin ƙofa, an barbaɗa shinkafa da wata ciyawa kewaye da shi. Na ɗaga kai, sai ga takarda a manne a saman ƙofar, hoton macizai sun nannaɗe juna, an dangwala musu jan gari. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san fassarar abin da aka ajiye maka a bakin ƙofa kana barci. (Ni ce fa mai karatun kimiyya, mai yi wa mutane dariya in sun ce an jefe su.)

Nan take na kira Yaya Binta, 'yar wan babana da ke aikin jinya a garin Salford. Na nuna mata ta bidiyo.

"Kar ki kuskura ki tsallaka," in ji ta. "Wa kika taka a jami'a?"

"Wallahi babu kowa, Yaya."

"To wani ne ke son ɗakin. Ki sa leda a hannu ki kwashe da hagu, ki karanta Falaƙi da Nasi, ki wanke wurin da ruwan gishiri. I'm on shift, zan kira ki anjima."

Ban rage ko ɗaya ba, har ƙari na yi. Madara na tuttular a masai. Takardar na hau kujera na ɓamɓaro, na yaga ta gida huɗu, na cusa a baƙar leda tare da kwanon. Sai kuma wata dabara ta faɗo mini (irin dabarar da ke kai mutum ta baro): in na tona asirin nan, ai Ama za ta san ta samu mai tsare mata gida.

Na sauko ƙirjina a gaba, leda a hannu. Ƙamshin turaren tsinke ya tare ni a matakala, amma ban yi tunanin komai ba. Na tarar da su a tsaye a bakin ƙofar shigowa, sun ci ado, Ama na riƙe da tire.

"Anti," na ce, "akwai mai neman gidan nan da sharri. Amma kar ku damu, na yi maganin abin." Na zazzage ledar a gabansu.

Kwanon ya gangara ya tsaya a ƙafar Ama. A lokacin ne idona ya kai kan babbar ƙofa. Takarda iri ɗaya, macizai iri ɗaya, ga madara a ƙasa, jan garin kuma har yanzu yana yatsan tsohuwar.

Na fara tunanin inda zan kai akwatuna biyu da buhun littattafai a garin da ban san kowa ba.

Can Anti Kamala ta yi magana a hankali. Ta ce yau ranar girmama macizai ce a wurinsu, Nag Panchami. A ƙauyen Ama, in damina ta cika ramuka, macizai kan shigo gidaje, don haka 'yan Hindu da 'yan Buddha duk sukan ajiye musu madara, su roƙi kada su sari mutanen gida. Takardun daga ƙauye Ama ta zo da su. "Ƙofar 'yan gida kawai ake manna wa," ta ce. "Da gwiwar nan ta hau bene biyu saboda ke. Amsarta ke nan, da yamma muke shirin gaya miki."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida, na roƙi Anti ta fassara. Na ce addinina bai yarje mini wannan al'ada ba, gaskiya ne, amma ba addini ne ya yaga takardar ba, tsoro ne da rashin sani. Na gaya musu abin da ajiya a bakin ƙofa ke nufi a wurinmu, da yadda na kwashe tasu da hannun hagu.

Ama ta tsuguna da ƙyar, ta tsince yagaggun macizanta ɗaya bayan ɗaya, ta jera a tire. Ta daɗe tana kallona, sannan ta faɗi 'yan kalmomi.

"Ta ce yarinyar da ta ga madara a ƙofarta ta hau ƙirga maƙiya, ba a sakinta ita kaɗai cikin gari," in ji Anti Kamala. "Ki zauna. Ba za a sake manna miki ba. Amma kwanon ki wanke shi da hannun dama."

Na wanke shi sau uku, hawaye na zuba. An ce matambayi ba ya ɓata, kuma ni ma ai na yi tambaya. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, ba a tambayar mutumin Salford hanyar Nepal alhali masu ƙasar suna ƙasan bene.