Wasiƙuna Arba'in Cikin Buhunan Riɗi

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yar Kawu Sale ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunayen 'ya'yana. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ke sayen riɗin da nake nomawa a Burumburum. Shi ke ba ni iri, shi ke turo mota har bakin gona. Daga hannunsa kayan ke wucewa wani sito a Kano, daga can a yi Legas da su, jirgin ruwa ya kwashe.

Wanda ya kunna ni shi ne Ɗanlami, abokina direban tirela mai kai kwantena tashar jiragen ruwa. In ya dawo ya zauna a majalisa, sai mu saki baki. Ya ce akwai jirgin da ya fi layin gidajenmu tsawo, injin ɗaga kaya ya cafki kwantena kamar an ɗauki kwalin ashana. Taki da babura da injin ban ruwa ta nan suke shigowa, riɗinmu da zoɓo ta nan suke fita. Ya ce wata guda da rabi ya isa riɗina ya kai ƙasar da ban ma iya faɗar sunanta ba.

Sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Tunda buhuna zai je har hannun mutanen waje, me zai hana su san ni? Na sayi littafin rubutu, na yayyage shi, na rubuta wasiƙa arba'in da Turancina na sakandare (wanda malaminmu ya sha cewa ko Bature ya ji sai ya nemi tafinta). Na sa sunana da lambar wayata. A ƙasa na ƙara da cewa su riƙa saye kai tsaye daga gare ni, don dillali cutar mu yake yi. Na maimaita da Hausa, wai ko Allah zai sa akwai Bakano a can. Kowane buhu na cusa masa guda kafin a ɗinke.

Mai ɗakina ta gan ni ina cusawa, ta ce, "Malam, wannan dillalin da kake faɗa ba Kawu ba ne?" Na ce mata harkar ƙasa da ƙasa ce, ba ta mata ba.

Daga nan waya ta zama abar lallaɓawa. Kullum tana shagon caji. Baƙuwar lamba na shigowa sai in gyara murya in gaisa da Turanci, sai in ji mai neman bakanike ne ya yi kuskure. A majalisa kuwa na fara jefa magana, wai nan gaba kaɗan kwantenata ni kaɗai Ɗanlami zai riƙa ɗauka.

Ranar ɗaurin auren ta zo daidai da wata guda da rabin nan. An shafa fatiha, muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu, ga limamin unguwa, ga abokan kasuwancinsa daga Tudun Wada da Kiru, ana raba goro da dabino. Sai waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba! Na ga ta Najeriya ce, amma na ce a raina ai wakilinsu na Legas ne. Na ɗaga hannu na ce, "Jama'a a ɗan yi haƙuri, mutanen waje ne." Kuma don kada wani ya ce ƙarya nake, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Na rangaɗa gaisuwar Turanci. Sai muryar wata dattijuwa ta amsa.

"Salamu alaikum. Kai ne mai wasiƙa a cikin riɗi?"

Na ce ni ne.

"To ɗan nan, mu ne masu tankaɗe a sito nan Kano. Sai yau aka zo kan buhunanka. Don Allah ka daina zuba mana takardu, tun safe muke tsince su a rariya. Kuma wannan dillali da ka ce yana cutar ka, mu dai Alhaji Sale muka sani, bai taɓa cutar kowa ba."

Wallahi na nemi maɓallin kashe wayar nan na rasa. Ɗanlami da ke gefena ya kife kan tabarma yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai, wa ya ce maka buhunka na zuwa Legas? Juye shi ake yi, a tankaɗe, a gauraya da na mutum ɗari, a zuba a buhun kamfani. Tasha ko sunana ba ta tambaya, lambar kwantena take dubawa."

Ni ba dariyar ce ta dame ni ba. Kawu nake kallo, mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, na kira shi macuci a rubuce har sau arba'in, kuma an karanto masa a gaban baƙinsa ranar auren 'yarsa. Na rarrafa gabansa na durƙusa, na ce, "Kawu, a yafe mini."

Ya daɗe yana ɓare goro. Sannan ya miƙo mini rabi ya ce, "Baɗi ma ka kawo riɗin. Amma in kana da wasiƙa, ka ba ni hannu da hannu, na fi jirgin ruwa kusa."

Har yau a Burumburum "Mutanen Waje" ake kira na, yara ma sun ɗauka sunana ne. Riɗina yana ci gaba da tsallaka teku, babu wanda ya san ni a can. Wanda ya san sunana, ya kuma san gonata, Kawu ne, yana nan bayan masallacin unguwa. Yanzu in zan yi ƙorafi takawa nake yi in same shi, kuma ban ƙara buɗe muryar waya a cikin taro ba.