Da Kwat a Gonar Baba Arzika

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Dogon Dutsi ba, ranar da na ratsa gonar mutane sanye da kwat da takalmi sau-ciki, wai ni na fito kama wanda ya ci amanata. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na sunkuyar da kai.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, ina karatun tafiyar da aikin gini: yadda ake tsara kwanaki, da kaya, da ma'aikata, har a miƙa makulli. Binciken da zan kare gaban malamai kuwa a kan koyarwa ta hanyar wasa ne. Na ƙirƙiro wani wasa na kwali da katuna. Kowace ƙungiya za a ba ta ginin aji uku ta gama cikin wasu kwanaki, tana tafiya tana jan kati. Wani katin ya ce siminti ya makara a hanya, wani ya ce kafinta ya kwanta zazzaɓi, wani ya ce an yi ruwa. Wanda ya iya sake tsari ya gama a kan lokaci shi ya ci. Ɗalibai sun so wasan ƙwarai, ni kuma kaina ya kumbura, na fara ganin sunana a bangon littafi.

Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Madam kawai, ita ta sauko da ni. Ta ce yaran da ba su taɓa ɗaukar kwanon kankare a ka ba, don sun yaba wasa ba hujja ba ce. In kai shi gaban magina na gaskiya, su buga, ta gani da idonta. Ta ce tana da tafiya Maraɗi farkon watan Yuni, za ta tsaya mini a Dutsi safiya ɗaya tak. In ba ta ga komai ba, kare binciken sai baɗi.

A nan ya kamata in faɗi halina. Allah ya yi ni da zargi. In mutum ya yi mini kirki, sai na juya kirkin nan ciki da bai ina neman inda aka ɓoye ƙugiya. Ga shi a jami'a an sha ba mu labarin wanda aka sace wa bincike, ko da yake ban taɓa ganin mutumin ba. Katunana a gwangwanin biskit suke, gwangwanin a akwati, makullin akwatin a wuyana kamar laya.

Wanda na fi sa wa ido shi ne Sha'aibu, ɗan Tibiri ta yankin Dutsi. Malamarmu ɗaya, shi ma kan leburorin gini yake nasa binciken, kuma yana da yawan fara'a (ni a wurina yawan fara'a laifi ne da ba a riga an gano ba). Da na gaya masa ranar da aka sa, sai ya girgiza kai ya ce ranar ta yi kusa da ruwa, in roƙi Madam a matso da ita. Na ce masa a ɗaki mai rufin kwano za mu yi, ba a fili ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ina sauri. A raina na ce, wato so kake in yi gaggawa in kwafsa.

Ya kamata kuma ku san cewa a Dutsi aka yanke cibiyata, amma ina ɗan shekara biyar aka mai da babana aiki Yamai. Ina bugun ƙirji da cewa ni Ba'are ne, ɗan asalin ƙasar Dutsi, gaba da baya, alhali gero dai a cikin fura na san shi.

Na iso Dutsi ana saura mako guda, na sauka gidan gwaggota. Ita ta haɗa ni da Baba Arzika, babban magini, dattijo mai ƙarancin magana, wanda yake gina wa wani matashin ɗan kasuwa jerin shaguna. Mai shagunan sai da ya juya katunan ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ba karta ba ce, sannan ya ba ni aron shago ɗaya da aka riga aka rufa. (Shi ma na zarge shi na kwana biyu.) Baba Arzika ya yarda zai kawo mini mutum goma sha biyu ranar Talata da safe, ya ƙara da cewa, in ba a yi ruwa ba. Na nuna masa rufin kwanon da shi da kansa ya buga. Ya dube ni, ya dubi rufin, ya ce to.

Ana saura kwana huɗu, na nufo wurin ginin sai na hango Sha'aibu yana sauka daga kabu-kabu. Me ya kawo shi tun daga Tibiri? Na laɓe bayan tarin bulo, ni da nake shirin zama babban injiniya, ina leƙe ta ƙofar bulo. Na ga ya durƙusa ya gai da Baba Arzika, sun ja gefe, suna magana ƙasa-ƙasa, Sha'aibu yana nuna gabas da hannu. Ƙarar shebur ta hana ni jin ko kalma ɗaya. Bayan kwana biyu na sake ganinsa, wannan karon har da musafaha mai tsawo. Shi ke nan, na gama shari'a a raina: zai kwashe mini magina ya kai su nasa binciken. Da yamma ya kira ni, ban ɗauka ba. Na buɗe wayar na goge sunansa, na rubuta Maciji.

Ranar Talata da asuba ruwa ya sauka, ruwa na gaske, na farko a shekarar. Na yi murna, na ce yau ba zan yi gumi cikin kwat ba. Da na fito na tarar gidan gwaggo ba kowa, an bar mini kunu a rufe. A hanya na yi ta kauce wa amalanken jaki, da mutane ɗauke da sungumi, da mata da ƙwarya a ka, kowa yana sauri zuwa bayan gari. Na gan su sarai. Abin da ya dame ni kawai kada su fantsama mini taɓo a wando.

Na jera benci, na shimfiɗa kwalaye, na ajiye ruwan leda da biskit. Ƙarfe tara motar Madam ta tsaya. Ta shigo, ta zauna, ta duba agogo. Tara da rabi, ba kowa. Goma, ba kowa, ko lebura ɗaya babu a duk wurin ginin. Wayata tana ta kaɗawa a aljihu, in na leƙa sai in ga Maciji. Na ce ya kira ne ya ji muryata a karye, ba zan ba shi wannan daɗin ba. Shekara guda ta rayuwata nake gani tana zubewa, kuma tsoro ya kama ni ba kaɗan ba.

Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Na je na tambaye ta ko ta ga Baba Arzika. Ta ce ai tun da sassafe shi da yaransa suka bi hanyar Tibiri. Tibiri! Na dawo da gudu, na tsaya gaban Madam, na zayyana mata komai: shawarar canza rana, zuwa biyu a ɓoye, musafaha, ga kuma shaidar mai ƙosai. Har da cewa na daɗe ina lura da take-taken yaron nan. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙofar shago, ta dube ni.

"Kai ɗan ina ne ma ka ce?"

"Nan Dutsi, Madam."

"To shiga mota."

Ba mu yi nisa da gari ba na ga duk inda ido ya kai mutane ne a gonaki. Namiji a gaba yana sara da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Wani abu ya ɗan motsa a kaina, amma zargi ya danne shi. Ina hango Baba Arzika a wata gona bakin hanya na ce direba ya tsaya. Na dira, na ratsa layukan shuka ina tattake ramukan mutane, takalmina yana nutsewa, Madam tana biye da ni a hankali ta gefe. Ko sallama ban yi ba.

Baba Arzika ya dogara da sunguminsa ya ce, "Ɗana, lahiya? Rasuwa anka yi?"

Na ce, da ƙarfi yadda matansa da 'ya'yansa da maƙwabtan gona duk suka ji, "Baba, me Sha'aibu ya yi muku alkawari har kuka watsa mini ƙasa a ido?"

Ya dube ni tun daga kwat har takalmi.

"Alkawali? Ai shi ya amshi alkawali gare mu. Sau biyu yaron ga na tahowa tun daga Tibiri shina roƙona. Ya ce in ruwan shibka ya hwaɗo ga ranar abokinai, mu taimaka mu taho bayan la'asar, ko mun gaji, don karatunai na shekara na bisa wagga rana. Ya ce shi za ya sanar da kai. Bai kira ka ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga ta kuwa da laushi ranar. Madam ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar. Na ba ta, don ba ni da ƙarfin yin musu. Ta duba, ta gyara tabarau, ta karanta a fili, a natse, kamar tana kiran sunaye a aji: Maciji, kira bakwai, saƙon murya ɗaya. Ta danna saƙon. Muryar Sha'aibu ta fito yana haki, ana jin saran sungumi a bayansa, yana cewa kada in tada hankalina, yana gonar babansa, magina za su zo bayan la'asar, in lallashi Madam ta jira, kuma Allah ya ba ni sa'a.

Ba wanda ya yi dariya, kuma na gwammace a yi.

Dariyar ta zo ne daga baya, da Madam ta ce in ciro katin ruwa in karanta wa Baba. Na buɗe gwangwanin biskit (e, da shi na shiga gonar, a hammata), na karanta: an yi ruwan sama, a dakatar da aiki rabin yini. Matan suka fashe, har wata ta ajiye ƙwaryarta. Baba Arzika ya ce ruwan farko in ya sauka, ko gidan gwamna kake ginawa, kwana uku ba ka ganin ƙeyar lebura, don duk magini a nan manomi ne kafin ya zama magini.

"Gini na jira, ɗana," ya ce. "Danshi ba ya jira."

Madam ta kira Maraɗi ta ce sai gobe. Sannan ta ce tun da ba mu da aikin yi har la'asar, kuma na tattake wa mutane layi biyu, a ba ni ƙwaryar iri. Haka na bi bayan Baba Arzika da kwat ɗina, ina zuba gero ina rufewa da takalmin da na sha wahalar gogewa. Sau uku uwargidansa tana ce mini in rage hannu, shuka ake yi ba tuwo ba.

Bayan la'asar mutum tara suka zo, ƙafafu duk ƙasa, suka zauna suka buga wasan, suka yi masa kaca-kaca. Suka sa na ƙara katin shuka, da na noman farko, da na girbi, da na ranar kasuwa, da na jana'iza a unguwa. Madam tana gefe tana rubutu ba ta ɗago ba. Abin da suka faɗa a wannan yammacin shi ya zama babin da malamai suka fi yabawa ranar da na kare binciken, kuma na tsaya na karɓi yabon kamar ni na san damina.

Sha'aibu kam labari ya riga ni isa gare shi, don abin da aka yi a gona gaban mata ba ya kwana. Da muka haɗu a Yamai na fara kame-kame. Ya bar ni na gama. Karo na farko tun da na san shi ban ga fara'a a fuskarsa ba. Ya ce bai damu da maganar gona ba, mutum in ya tsorata yana faɗin komai. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Amma Maciji? Tun yaushe?" Gaskiyar ita ce tun kafin ya yi mini komai. Wannan tambayar ta fi dariyar matan nan ciwo, kuma sai da muka yi watanni muna gaisuwar nesa-nesa.

Yanzu mun shirya. Ya halarci bikina, na halarci sunan 'yarsa. Kwanan baya na kira shi yana kusa da ni don ya gano inda ya ajiye wayarsa, na ga sunan da ya sa mini ya fito a fuskar wayar: Rabin Yini. Na ci bashin da ya fi haka.

Zargi dai ban daina ba, hali zanen dutse ne. Amma yanzu in mutum ya ce mini ruwa ya kusa, nakan ɗaga kai in dubi gabas kafin in dubi fuskarsa. Kuma ko wane suna na sa masa, in ya kira sau bakwai ina ɗauka.